Yadda na nemi allurar rage ƙiba aka ce ban kai ba

Mai ɗinki ce ta ja min. Cikin Satumban 2025 aka sa ranar bikin ƙanwata, aka fitar da anko, na ɗauki tef na auna jikina na tura wa matar da ke min ɗinki a Kano tun ina budurwa. Ko minti goma ba a yi ba sai ga saƙon muryarta: “Hajiya, ƙugun nan fa inci 36 na gani. Ƙaruwa aka samu ba a gaya mana ba, ko Ingila ce ta karɓe ki?” Na yi dariya na ce Ingila ce. Ina ajiye wayar kuwa banɗaki na nufa na janyo sikeli. Kilo 71. Ranar da aka kai ni ɗaki 56 nake.

Ba wanda zai gan ni a hanya ya ce ga mai ƙiba. Shekaruna 38, haihuwa uku, tsayina santimita 164, in na sa abaya babu abin da ke nunawa. Umma in mun yi waya ta bidiyo cewa take, “Masha Allah 'yar nan, kin murje, hankalinki ya kwanta.” A unguwarmu ma na san 'yan matan da ke shan sha-ka-fashe don su samu rabin abin da nake kuka da shi. Sai dai ni na san inda kayan ya taru, duk a ciki yake. Tumbin da haihuwar auta ta bar min bai koma ba, aikin dare kuma ya zo ya ɗora nasa a kai.

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki, a wani gari kusa da Landan, akwai wata 'yar Jos da ta girme ni, Anti nake ce mata. A kan idona ta sauko daga kilo 108 zuwa 87 cikin wata tara. Matar da in za ta hau bene sai ta tsaya a tsakiya ta dafa gwiwa, ta dawo tana riga ni kaiwa sama. Wata allurar rage ƙiba mai suna Mounjaro take yi wa kanta, sau ɗaya a mako, a fatar ciki. Ta ce abin da ya fi ramar ba ta mamaki shi ne yadda kwaɗayi ya sake ta. A da tana cin na rana tana lissafin na dare, yanzu sai ta manta da kularta a firji har mu tashi aiki. Gani ya kori ji. Na ce a raina, wadda aka cire wa 21 ma ga ta nan, balle ni da goma kacal nake nema.

Wani dare wajen ƙarfe uku, tsofaffin duk sun yi barci, na zauna a ɗakin ma'aikata na buɗe shafin wani kantin magani na intanet. Ya tambayi shekaruna, tsayina, nauyina, da asalina, na zaɓi baƙar fata 'yar Afirka. Sai ya jero cututtuka ya ce in nuna wadda nake da ita: hawan jini, ciwon suga ko alamunsa na farko, yawan kitse a jini, ciwon zuciya, ɗaukewar numfashi cikin barci. Na ce babu ko ɗaya, ina ma jin daɗin amsar. Nan take ya fito min da lamba, 26.4, da 'yar sanarwa cikin ladabi irin na Turawa cewa maganin bai dace da ni ba. Ko zancen kuɗi ba mu kai ba.

Lambar nan ita ake kira BMI. Lissafinta ba wuya: tsayinka a mita sau kansa, sai ka raba nauyinka da abin da ya fito. Nawa 1.64 sau 1.64 ya ba da 2.69, in aka raba 71 da shi a samu 26.4. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1830, da Turawa kuma ya yi awonsa. Abin da ya ɗaure min kai a daren shi ne, da na sa lambobin nan a ma'aunin shafin NHS, hukumar lafiyar ƙasar, sai ya ce nauyina ya wuce kima. Ga Bature daga 25 ake fara cewa nauyi ya yi yawa, ƙiba kuma daga 30. Ga mu baƙaƙe da mutanen Asiya da Larabawa an sauko da shi, 23 da 27.5. Wato shafi ɗaya ya ce na wuce iyaka da fiye da uku, ɗayan ya ce ban iso ƙofa ba. Na rufe wayar na je na haɗa shayi, da madara da suga cokali uku kamar kullum.

Bayan kwana biyu na shiga wani kantin magani na cikin gari da ke ba da allurar ido da ido. Tunanina mutum ya fi na'ura jin magana. Mai harhaɗa magungunan mace ce, 'yar asalin Indiya, ta shigar da ni wani ɗan ɗaki, ta sa na cire takalmi da rigar sanyi, ta auna ni da kanta. Lambar ba ta motsa ba. Na fara kawo mata hujjojina, biki, tumbi, aikin dare, ta bar ni har na gama, sannan ta ce, “Na ji ki, amma ba ni na gindaya sharaɗin ba. Lasisin maganin ne.”

Ta yi min bayani dalla-dalla. MHRA, wato NAFDAC ɗin Birtaniya, ta amince a ba da Wegovy da Mounjaro don rage nauyi ga mutum iri biyu: wanda BMI ɗinsa ya kai 30, ko wanda ya kai 27 yana kuma fama da wata cuta mai alaƙa da nauyi, irin waɗanda shafin ya jero min. A kantinsu suna sassauta 30 ɗin zuwa 27.5 ga irinmu. Ni ban taɓo ko ɗaya ba. Ta jawo takarda ta zana min hanji. In mutum ya ci abinci, hanji na sakin wani sinadari mai suna GLP-1, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya rage saurin da abinci ke barin ciki, ya kuma taimaka wajen fitar da insulin, sinadarin da ke sauko da sugan jini. Na jikin mutum cikin mintoci yake ɓacewa, na allurar kuwa yana ɗaukar kwanaki yana aiki. Wegovy na kamfanin Novo Nordisk na Denmark GLP-1 ɗin kaɗai yake kwaikwaya, sinadarinsa ɗaya da Ozempic na masu suga. Mounjaro na Eli Lilly na Amurka biyu yake kwaikwaya, da shi da wani sinadarin hanjin mai suna GIP.

Sai ta koma kan abin da ban zo ji ba. Tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida, waɗannan ruwan dare ne, musamman duk lokacin da aka ƙara ƙarfin allurar. Akwai tsakuwar matsarmama. Akwai kumburin gaɓar da ke samar da insulin, ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya zo sai gadon asibiti. Nauyin da ke zubewa kuma ba kitse ne zalla ba, har da tsoka. Ta tambaye ni ko ina shayarwa, na ce auta ta shekara uku. Ta tambayi tsarin iyali, na ce ƙwaya nake sha. Ta ce to Mounjaro na iya rage wa ƙwayar ƙarfi, sai an haɗa da wata hanyar na mako huɗu bayan farawa, da mako huɗu bayan kowane ƙari, wadda ke neman ciki kuma sai ta daina tukuna. Ta rufe da cewa, “Wanda ke ɗauke da kilo 110 da hawan jini, haɗarin nauyinsa ya fi na maganin. Ke a 71 ba ni da hujjar da zan ce miki haka.” Har na miƙe sai ta ce, “Akwai mai suga a gidanku?” Na ce mahaifiyata, shekara goma sha ke nan. Ta ce in je wurin likitan unguwa a duba jinina, ko da allura ko babu.

Da na ba Baban yara labari cewa ya yi, “Uwargida, maganar ƙarshen nan ita ce magana. Allurar dai ki bar ta, jinin ki je a gani.” Na ce shi ai ba shi zai sa anko ba.

Na je. Nas ta auna hawan jini, 128 bisa 82, ta ɗebi jini kwalba biyu, sannan ta ciro tef, irin dai na mai ɗinkina, ta zagaya min ciki a ɗan saman cibiya. Santimita 91. Ta ce ƙa'idar mai sauƙi ce, kada kewayen ciki ya kai rabin tsayi. Rabin 164 kuwa 82 ne. Abin da mai ɗinki ta gano daga Kano ta waya, shi nas ta rubuta a fayil.

Bayan mako guda likitar ta kira ni. Kitsen jini lafiya, ƙoda da hanta lafiya. Gwajin suga na dogon zango, HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan jini ya kasance cikin wata biyu zuwa uku, ya nuna 43. Ta fara tambayata ko ina da sikila ko ina ɗauke da ita, domin hakan na iya rikita sakamakon. Na ce AA ce ni, mun yi gwaji kafin aure. Ta ce to ƙasa da 42 shi ne lafiya, 48 zuwa sama ciwon suga ne, tsakanin nan kuma mutum na bakin ƙofa. Jikina ya yi sanyi. Abin da ya faɗo min shi ne ledar magungunan Umma da ke rataye a jikin gado, da yadda take sa yara su danna mata tafin ƙafa ta ce ba ta jin komai. Likitar ta ce dalilin da ya sa aka sauko mana da lambobin BMI ke nan. Suga na kama mu a nauyin da bai kai na Turawa ba, kuma da wuri, su daga shekara 40 ake fara sa musu ido, mu daga 25. Kitsen da ke kwance cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ya fi ɓarna, sikeli kuma ba ya ganinsa.

Kunya ba ta hana ni tambaya ba. Na ce, “Likita, tunda yanzu an samu cutar, zan samu allurar?” Ta ɗan yi dariya. Ta ce a NHS, tun 23 ga Yunin 2025 da aka fara ba da Mounjaro ta hannun likitocin unguwa, rukunin farko su ne masu BMI 40, ko 37.5 ga irinmu, da ke da huɗu daga cikin cututtuka biyar ɗin nan, kuma cikakken ciwon suga ake ƙirgawa. Na buga lissafi a zuci, sai na kai kilo 101 ke nan. Ta ce abin da za ta iya min shi ne ta tura sunana shirin rigakafin ciwon suga, kyauta ne, wata tara ake yi. Na ce to, da muryar wadda ta je neman nama aka ba ta ganye.

A hanyar gida wani lissafin ya zo min. Sharaɗi na biyu na masu saye da kuɗinsu ai 27 ne da cuta ɗaya. Cuta ta samu, takardar tana cikin jakata. BMI 27 a tsayina kilo 72.6 ne. Abin da ya raba ni da allura bai kai kilo biyu ba.

Da na gaya wa Anti a wurin aiki har tafawa ta yi. Ta ce, “Ƙanwata, wannan ai abin nema ya samu. Ki ci tuwo da dare mako biyu, ki sha ruwa lita ɗaya kafin ki hau sikeli, shi ke nan. Ko ki rage wa kanki tsayi, wa zai ƙirga santimita biyu?” Na gwada a waya, da gaske ne, in na ce 162 nake lambar ta zama 27 da ɗigo. Ita lokacin da ta fara, fom kawai ta cike da hoto. Daga Fabrairun 2025 hukumar da ke sa ido kan kantunan magani ta ce ba a yarda su dogara da abin da mutum ya rubuta kaɗai ba, sai sun tabbatar da awon, ta bidiyo, ko ido da ido, ko daga fayil ɗin asibiti, nawa fayil ɗin kuma 164 ke ciki. Amma hanyar tuwo a buɗe take, babu dokar da ta hana mutum cin abinci. A makon nan ma wata mai kitso ta raɗa min cewa tana da wadda ke kawowa, fam 60, ba tambaya ba awo. Wannan kam ban ko tsaya ba. Tun Oktoban 2023 MHRA ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic, wasu insulin aka samu a ciki, mutane suka yi wa kansu suga ya faɗi sai asibiti, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da nata gargaɗin a Yunin 2024. Araha ba ta ado.

Ta tuwon ce ta tsaya min a rai, kwana huɗu ina juya ta. Har na fara, in gaya muku gaskiya. Dare biyu na ci shinkafa da ƙari, ina ci ina ce wa kaina magani nake nema. A dare na uku ina tsaye a kicin da cokali a hannu, takardar gwajin tana manne a jikin firji da 43 ɗinta, sai abin ya ba ni dariya ni kaɗai. Mace an ce suganta ya hau, ta tashi tana ɗura shinkafa don ta yi ƙibar da za a ba ta maganin ƙiba. Wannan da sha-ka-fashen 'yan unguwarmu ban ga bambanci ba, sai dai nawa da fam za a biya.

A daren na zauna na karanta abin da mai harhaɗa magungunan ta taƙaita min. Babban gwajin Wegovy da aka buga a 2021 mutum 1,961 aka sa, na mako 68, suka rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu. Na Mounjaro a 2022, mako 72, masu mafi ƙarfin allurar suka rage kusan kashi 21. Lambobi masu daɗin ji, kashi 20 na nauyina ai ya maida ni amarya. Amma matsakaicin nauyin mutanen da aka gwada wajen kilo 105 ne, BMI ɗinsu wajen 38, mai ƙasa da 27 kuma ba a ɗauke shi ba tun farko. Wato Anti aka gwada, ba ni ba. Sai kuma abin da ya biyo baya: waɗanda aka bibiya bayan sun daina Wegovy, cikin shekara ɗaya kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo. Ni kuwa a raina wata uku zan yi, in sa anko, in ajiye.

Kuɗin ma na buga. Daga 1 ga Satumban 2025 farashin Mounjaro ya tashi a Birtaniya, mafi ƙarfinsa daga fam 122 zuwa 330 a farashin kamfani. Matakin farko, miligiram 2.5, a kantin da na je wajen fam 150 ne a wata, kuma ba a nan ake tsayawa ba, bayan mako huɗu a koma 5, a yi ta hawa in da buƙata har 15. Ko a matakin farko na zauna, shekara fam 1,800 ne, tikitin mutum biyu zuwa gida. Na san in na ci gaba da lalube a intanet zan samu mai sassaucin da zai ba ni, ba a rasa su. Ban nema ba. Ba kuma zan ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni ba, tsoron amai a bakin aiki da tsoron fam 150 duk sun sa hannu.

Shirin rigakafin na fara shi a Nuwamba, a wani ɗakin taro na unguwa, mu goma sha biyu, yawanci sun haife ni. Ban so zuwa ba, zaman farko ma rabinsa waya na danna. Abin da ya kama ni shi ne da aka ce kowa ya rubuta duk abin da ya shiga bakinsa na kwana uku. Ni da nake rantsuwa ba na cin abinci da yawa sai ga shi a takarda: shayi kofi huɗu a daren aiki, kowanne suga cokali uku, biskit ɗin tsofaffi, burodi da asuba kafin in kwanta, lemon kwalba in na farka, zoɓon da nake haɗawa da hannuna na san kuma abin da nake zuba masa. Tuwon da nake ɗora wa laifi ashe shi ne mai gaskiyar cikinsu. Suga na fara ragewa, cokali uku zuwa ɗaya, sati biyu shayin yana min kamar ruwan wanke kwano. Na rage shinkafa na ƙara wake da ganye. In na tashi aiki nakan sauka daga bas tasha biyu kafin gida, cikin sanyin nan da ke shiga ƙashi, ina tafe ina mita.

Ranar da za mu tashi zuwa Kano sikeli ya nuna 68 da rabi, BMI 25.5, ciki inci 34. Har yanzu ya haura rabin tsayina, allurar kuma ta ƙara min nisa. Anti ta kai 82 a lokacin, ta sayi sabbin kaya kaf, in na kalle ta wani lokacin sai in ji wani abu ya tsaya min a wuya. Ita ta cancanta, gwiwarta da hawan jininta shaida ne, amma zuciya ba ta san lissafi ba.

Ankon da aka ɗinka da tsohon awo ya ɗan yi min yawa, mai ɗinki ta zo gida ta kama shi tana faɗa, wai mutanen Turai ba su da tsayayyen jiki. Umma ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “'Yar nan lafiya kuwa? Kin faɗa. Ko wani abu ne tsakaninku?” Na ce lafiya lau, suga ne aka ce ya fara leƙo ni. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ma a shekaruna aka fara gaya mata, ba ta ɗauka a bakin komai ba. Ranar da aka fito da kayan gara aka ajiye mana faranti a tsakiya, alkaki da nakiya da dubulan. Na ɗauki alkaki ɗaya, ta ɗauki biyu, na kalle ta, ta ce biki ne. Da yamma wata 'yar kawuna, siririya, da ƙyar in ta kai kilo 60, ta ja ni bayan ɗaki ta ce, “Yaya, don Allah in za ki dawo ki taho min da allurar nan ta rage tumbi, ko nawa ce zan biya.” Na ce ta je ta karɓo tef a wurin mai ɗinki, ta same ni a ɗakin Umma.